Shafi Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Inna ta bugo waya daga Kumo:
"Manu, an ce kai lauya ne,
to me ya sa ban taɓa jin ka a rediyo ba?
Ɗan Hajja Dudu har hular gashi yake sawa."
Na ce, Inna, ni ma ina da ita,
tana cikin leda a saman kabad,
asu ne ke zaman shari'a a cikinta.

Aikina a bene yake, bayan Tashar Dukku,
ɗaki ɗaya, fanka mai tari,
da kundin shari'ar da aka riga aka yanke.
Ba a kawo mini shaidu,
ba mai rantsuwa a gabana.
Abin da aka faɗa an faɗa,
magatakarda ya rubuta, wani wurin da kuskure,
ni kuwa in bi sawu
kamar mai neman akuya bayan ruwa ya ɗauke.

Wannan karon gonar Baba Gidado ce,
kadada uku a bakin ruwan Dadin Kowa.
Ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi a ƙofa,
ya ce, "Yaro, gaya musu ni ke da gaskiya."
Nauyin bakinsa ya hana ni ce masa
kotun ɗaukaka ƙara ba ta auna hawaye.
Tambayarta guda: ina alƙali ya kauce?
Nuna shafi, nuna layi.

Shafi ɗari shida da goma sha ɗaya.
Na karanta da shayi, na karanta da goro,
na karanta da fitilar waya da aka ɗauke wuta.
Dare na tara, ido ya yi jawur,
a shafi na ɗari biyu da sha huɗu
wani tsoho, maƙwabcin gona, ya ce
shi da uban Gidado suka dasa tsamiyar iyaka.
Na juya hukuncin ciki da bai:
alƙali ko sunan tsohon bai ambata ba.
Na miƙe tsaye, ni kaɗai.
Ba wanda zan gaya wa sai maigadi,
shi kuwa ya yi nisa.

Hujja bakwai na jera, ina ji da kaina.
Barista Lamela ta zare jan biro,
ta yanka huɗu ba bisimilla.
"Alƙalai uku ne, kowa da tulin fayil.
Mai yawan surutu shi ke binne hujjarsa."
A hannunta na koyi jefar da kalmar da nake so,
na koyi ce wa alƙali ya yi kuskure
cikin ladabin da ko surukina sai haka.
Kowace tsohuwar shari'a da na jingina da ita
sai na buɗe ta, shekara da shafi,
kada in dogara da bangon da ya riga ya faɗi.
Ga kwanakin da doka ta ƙidaya mini:
ba su san zazzaɓi ba, ba su san biki ba.

Ƙarshen wata waya ta yi ƙyas.
Haya, man babur, rabin buhun shinkafa, na Inna,
sauran ba ya kai ashirin ga wata.
Ɗanlami da muka gama tare yana kamfani a Abuja,
albashinsa ya ninka nawa uku,
jiya ma ya turo hoton mota.
Na taya shi murna, na koma sakin layi na tara.

Ranar zama, Barista ta miƙe,
ta ce mun dogara da abin da muka rubuta,
ta ƙara 'yan kalmomi, ta zauna.
Baba Gidado ya taɓo ni:
"Shi ke nan? Ba a yi faɗan ba?"
Na ce an yi, Baba, tun watan jiya, da daddare.

An ɗage hukunci, ban san yadda za ta kaya ba.
Amma na ga alƙalin tsakiya
ya laso yatsa, ya buɗe kundin can ciki,
ya naɗe kunnen wani shafi.
Daga inda nake zaune ba a ganin lamba.